Babi na 9: Yadda za ka sa mojul ɗin loop ya riƙa tashi da kansa

Makon jiya wani dattijo ɗan ajinmu na dare, mai gyaran rediyo a unguwar Nima ta Accra, ya shigo da tsohuwar kwamfutar da ya saya a kasuwar Circle. Ya ce, "Malam, jiya na buɗe fayil ɗin nan lafiya lau. Cikin dare aka ɗauke wuta, yau na kunna, ta ƙi." Na duba, ga abin da ta rubuta masa: cannot find an unused loop device. Wato ta nemi na'urar loop ta rasa. Hankalinsa ya tashi, yana zaton sai ya koma wajen mai shago. Ba abin da ya lalace. Mantuwa kawai ta yi.

Kanel shi ne zuciyar Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kuma shi ne wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Kanel ba ya ɗaukar duk kayan aikinsa lokaci guda. Wasu yakan bar su a ajiye sai an kira, kamar yadda tela ke barin ƙafar ɗinkin zif a aljihun keke sai aikinta ya zo. Irin waɗannan kayan ake kira mojul. Mojul ɗin loop shi ke sa kwamfuta ta ɗauki fayil guda, kamar fayil ɗin ISO, tamkar faifai ne aka saka mata, har ka shiga ciki ka ga abin da ke nan.

Buɗe taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

lsmod | grep loop

Sandar nan ta tsakiya tana ba mutane wuya. A kibod ɗin Amurka tana saman Enter, a na Ingila kuwa tana kusa da harafin Z, kuma kwamfutocin gwanjo na Accra akwai iri biyun. Danna Shift tare da ita. In layi ya fito da kalmar loop, mojul ɗin yana aiki. In ba abin da ya fito, kira shi:

sudo modprobe loop

Za ta tambaye ka kalmar sirri. Kana bugawa ba za ka ga komai a allo ba, haka take, ci gaba ka danna Enter. Wannan umarni shi dattijon ya yi amfani da shi ranar da fayil ɗin ya buɗe masa, kuma ya yi daidai. Sai dai modprobe kiran baki ne, da an kashe kwamfuta ya bi iska. Mu da muka san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, kiran baki ba zai ishe mu ba. Sai mun rubuta mata a inda take dubawa duk sanda ta tashi:

echo loop | sudo tee /etc/modules-load.d/loop.conf

A nan nake so ku natsu, domin nan aka fi tuntuɓe. Sunan mojul kaɗai ake sawa a cikin fayil ɗin, kalma ɗaya, loop. Wata baiwar Allah a ajin ta rubuta modprobe loop gaba ɗaya, muka yi ta kashewa da kunnawa, shiru. Sunan fayil ɗin ma dole ya ƙare da .conf, in ba haka ba systemd, wanda ke tada ayyuka idan an kunna kwamfuta, ba zai ko kalle shi ba. A tsofaffin Debian, wani nau'in Linux, a fayil ɗin /etc/modules ake ƙara kalmar, a layinta ita kaɗai.

Mai Linux nau'in Ubuntu kada ya wahalar da kansa. A can an gina loop a jikin kanel tun asali, shi ya sa lsmod ba ya nuna shi ko da yana aiki. Rubuta modinfo loop, in ka ga kalmar builtin, to ba sauran abin da za ka ɗora.

Na'urorin loop da mojul ɗin yakan shirya takwas ne, daga /dev/loop0 zuwa /dev/loop7. Tun kanel na 3.1, wanda ya fito a 2011, kwamfuta na ƙara wasu da kanta in an buƙata, sau da yawa ma takan kira mojul ɗin ba tare da an ce mata ba. Tsofaffin injuna irin namu ne ke son wannan gyara.

Aikin yau: kashe kwamfutarka gaba ɗaya, ka sake kunnawa, kada ka taɓa modprobe. Rubuta sudo mount -o loop, sai sunan fayil ɗin ISO naka, sai /mnt. Daga nan rubuta ls /mnt, ka kwafe sunayen da suka fito a littafinka, ka zo da shi ranar Laraba bayan Isha'i.