Kurakuran da Suke Ɓata Ginin Fadar Ganuwa ta LEGO Mai Sassa

Fada mai sassa ita ce wadda ake gina ganuwa daban, hasumiya daban, ƙofar gari daban, sannan a harhaɗa su yadda aka ga dama. Yawancin matsalar da ake samu a irin wannan gini ba a jikin bango take ba, a mahaɗa take. Kowane sashe ya fito tsaf, amma da an zo haɗawa sai a ga wannan ya ɗara wancan tsawo, ramuka sun saɓa, hanyar dakaru ta karye a tsakiya.

Kafin komai a riƙe awo. Ƙullutun da ke saman bulo, wanda za mu kira ido, tazararsa da na kusa milimita 8 ce. Tsayin bulo milimita 9.6, falle kuma (siririn guntu mai ido a sama) 3.2, wato falle uku bulo ɗaya ke nan.

Fara gini ba a tsayar da ƙa'idar mahaɗa ba

Wannan ne babban kuskure, kuma gyaransa bayan an gama gini rushewa ne. Tun kafin a ɗora bulo na farko a rubuta abu huɗu a takarda: tsawon sashe, inda ramukan haɗi za su zauna, layin da fuskar ganuwa za ta bi, da tsayin hanyar dakaru. Misali, sashe mai tsawon ido 16 da faɗin ido 8 yana shiga faifan tushe (siririn shimfiɗaɗɗen faifan da ake gini a kansa) mai ido 32 sau biyu cif, ba ragowa.

Haɗin kansa da bulon Technic (nau'in bulon LEGO mai rami a gefe) da ƙusar roba ake yi. A nan akwai tarkon da mutane da yawa suke faɗawa. Bulo 1x2 mai rami ɗaya, lamba 3700, raminsa a tsakanin ido biyu yake. Shi kuwa 1x1 mai lamba 6541 da 1x2 mai rami biyu, 32000, ramukansu daidai ƙarƙashin ido suke. In aka sa 3700 a wannan sashe, aka sa 6541 a wancan, za a sami saɓanin rabin ido, milimita 4, ƙusa ba za ta shiga ba ko da an tilasta. A zaɓi iri ɗaya a yi ta da shi har ƙarshe.

Sai wurin zaman ramukan. Nisansu daga dama ya zama daidai da nisansu daga hagu. A gefe mai ido 8, a sa bulo ɗaya a ido na 2 da na 3, ɗayan a na 6 da na 7. Da haka ko an juya sashe ya fuskanci wani gefen, ramuka za su haɗu.

Ƙusa biyu sun isa kowace mahaɗa. Baƙar ƙusa mai lamba 2780 tana da riƙo sosai. In aka jera huɗu ko shida, ranar rabawa tushen ne zai ɓalle ya bar ƙusoshin a manne. Wanda yake yawan sauya tsari ya haɗa baƙa ɗaya da mai ruwan toka, 3673, wadda take zamewa da sauƙi.

Tsayi da ba ya haɗuwa

Faifan tushe bai kai falle kauri ba. Duk sashen da aka fara a kan faifai ba zai yi daidai da wanda aka fara a kan falle ba, kuma babu guntun da zai cike gurbin da kyau. Ko dai duka a kan faifai, ko duka a kan falle. Ga sashen da za a riƙa ɗagawa, falle ya fi, domin faifai lanƙwashewa yake yi ya tsaga abin da ke kansa. Tushe mai ƙarfi shi ne falle a ƙasa, bulo a tsakiya, falle a sama, ramukan haɗi suna cikin layin bulon.

Kuma a riƙa ƙirga tsayi da falle, ba da bulo ba. Bulo 8 falle 24 ne. In aka ɗora falle na daɓe da tayil (falle mai santsi marar ido) ya zama 26. Sashen da aka manta masa tayil zai tsaya a 25, ido kuwa yana ganin wannan ɗan bambanci daga nesa.

Haƙoran saman ganuwa su ma suna tona asiri. In kowane sashe ya fara da cikakken haƙori mai ido 2 ya ƙare da irinsa, a mahaɗa za a ga ƙaton haƙori mai ido 4. Maganin shi ne rabi-rabi a baki: ido 1, gibi 2, haƙori 2, haka har sau uku, sai gibi 2 da ido 1. Jimilla 16, kuma rabi biyun suna haɗuwa su ba da haƙori guda.

Bango mai tsagewa

Duk birkila ya san ba a jera bulo baki kan baki, haka abin yake a nan. Kowane layi ya haye mahaɗar na ƙasansa, a kusurwa kuma a sarƙa, wannan layi daga dama, na gaba daga hagu. Ganuwa mai fuska biyu ba sai an cike cikinta ba, asarar bulo ce da nauyi. Amma bayan kowane layi uku a gicciya falle mai tsawo ya ɗaure fuskokin, in ba haka ba za su buɗe da zarar an kama bangon da hannu.

Game da ado, bulo mai zanen dutse, 98283, in ya cika bango sai ginin ya koma kamar na zamani. A yi shi curi-curi a wasu wurare, a bar sauran da santsi, a sa duhun toka da ɗan kore a gindi inda laima take kamawa. A lura kuma da launi: a 2004 kamfanin LEGO ya sauya ruwan tokarsa, tsohon yana da ɗan rawaya-rawaya, sabon yana da ɗan shuɗi. Mai sayen gwanjo zai sami duka biyun a jaka guda. In an cakuɗa da gangan, tsohon yana kama da dutsen da ya sha shekaru, amma sashe guda cur da tsohon launi kusa da sabo faci yake zama.

Kwana da hawa

Bangon da ya karkata ba ya sauka a kan ido sai lissafi ya yarda. Hinji mai lamba 2429 da 2430 yana ba da kwanar, amma ƙarshen bangon zai tsaya a iska sai an bi ƙa'idar 3, 4, 5: tazara uku nan, huɗu can, biyar a gicciye. Tazara ake ƙirgawa, ba ido ba, don haka tazara biyar falle mai ido 6 take bukata. A shimfiɗa tayil a ƙarƙashin bangon, a bar ido biyu kacal na bakuna, domin sauran za su tokare shi. Kwanar digiri 45 ba ta sauka daidai; matsa ta da ƙarfi gajiyar da roba yake yi.

Hawan hasumiya da ake so a riƙa cirewa kada a manne shi gaba ɗaya. A rufe saman bango da tayil, a bar ido huɗu a kusurwoyi.

Girman ɗan mutum-mutumin LEGO da zai zauna a fadar ma ana mantawa da shi. Tsayinsa kusan bulo huɗu ne ba hula, saboda haka ɗaki ya kai bulo 6, hanyar dakaru ta kai ido 3 ko 4 don garkuwa ta wuce. Ƙofar gari kuwa a gwada ta da mahayi a kan doki da kwalkwalinsa kafin a ɗora baka.

Ƙarancin bulo a tsakiyar aiki

Sashe mai ido 16, bulo 8 a tsaye, fuska biyu, yana cin bulo 1x2 guda 128. Sassa takwas 1,024 ke nan, ba a zo hasumiya ba. Fadar da kamfanin ya fitar a 2022 mai lamba 10305 guntaye 4,514 ce. A zana sashe ɗaya a manhajar Studio ta BrickLink (kasuwar guntayen LEGO a intanet), kyauta ce kuma tana fitar da jerin kaya, sannan a gina sassa biyu a haɗa su a raba sau da yawa kafin a yi odar sauran.