Kurakuran da masu sayen wuƙaƙen zamani suka fi yi game da ƙarfe

Tun da aka fara ganin sunayen nau'o'in ƙarfe irin su S30V, M390 da MagnaCut a jikin wuƙaƙe, da yawan masu saye sunan suke biya wa kuɗi. Alhali ƙarfe ɗaya za a ba masu ƙira biyu, wuƙar ɗaya ta daɗe tana ci, ta ɗayan kuma ta dakushe kafin a gama fiɗar akuya. Bambancin yana wurin wuta: zafin da aka kai ƙarfen, saurin sanyaya shi, da sake ɗumama shi don ya rage gautsi. Wasu kamfanonin har tsoma shi suke yi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Don haka ka tambayi lambar taurin, wato HRC. Yawancin masu kyau suna tsakanin 58 da 64. Idan kuma aka tallata maka M390 da arha ƙwarai, ka ja baya, domin buga suna a jikin ƙarfe ba wuya gare shi ba.

Sai masu ɗaukar cewa mafi tauri shi ne mafi kyau. Ƙarfen ZDP-189 na Japan yana da kabon kusan kashi 3 cikin ɗari, kaifinsa na daɗewa sosai, amma da zarar ya ci karo da ƙashi sai bakin ya yi giɓi. Mahaucin da ke saran haƙarƙari tun asuba gara masa addar da maƙeri ya buga daga sifirin ɗin mota, in ta dakushe ya goga ta a dutse ya ci gaba. A ganina ita ma sana'ar ƙera ƙarfe ta daina bin tauri kaɗai. Da injiniya Larrin Thomas ya tsara MagnaCut, wanda ya fito a 2021, bai bi tauri kaɗai ba. Ya rage sinadarin kuromiyom zuwa kashi 10.7 cikin ɗari don ya narke cikin ƙarfen ya tare tsatsa, ya bar sinadaran banadiyom da niyobiyom su samar da ƙananan ƙwayoyi masu riƙe kaifi. Sai aka samu ƙarfen da ba ya saurin ɓallewa, ba ya saurin tsatsa, kuma yana ci.

Wajen wasawa ake yin ɓarna mafi yawa. Ƙwayoyin banadiyom sun fi dutsen wasa wuƙa na gida tauri, sai mutum ya yi ta gugar banza, ya ce wuƙar ce ba ta ɗaukar kaifi. Dutse mai garin daimon ake nema, a riƙe wuƙar a kwance kamar digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, a bi a hankali. Kada a miƙa ta ga mai injin wasa wuƙa na kasuwa. Idan ka ga tartsatsi na tashi, bakin ya koma shuɗi-shuɗi, to zafi ya riga ya kashe taurin wurin, sai an cinye shi kaf kafin kaifi ya sake zama.

Batun tsatsa gajere ne: ko wanda aka ce ba ya tsatsa, in aka bar shi da jini, gishiri ko ruwan lemun tsami, zai yi tabo. A wanke, a goge. Masunta su nemi ƙarfen LC200N ko H1, masu jure tsatsa sosai.

Akwai kuma waɗanda suka shiga sayen wuƙaƙe suna ɓoyewa tun da kamfanin Crucible na jihar New York, wanda a lokacin shi ke yin S30V da MagnaCut, ya bayyana karyewarsa a ƙarshen 2024. Kada a tayar da hankali. Kamfanin Erasteel na Faransa ya sayi haƙƙin waɗannan ƙarafa a 2025, kamfanonin Böhler na Ostiriya da Uddeholm na Suwidin kuma suna nan suna yin nasu daga garin ƙarfe, kamar yadda Crucible ya riƙa yi.