Idan kamfani ya ci haƙƙinka, ta ina za ka fara?

Ni wakilin ƙungiyar ƙwadago ne a wata masana'anta da ke Sharaɗa, a Kano, kuma duk wanda ya kawo mini kuka, tambayata ta farko ita ce: ina takardarka?

Sashe na 7 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa kamfani ya ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata 3 da farawa. Ka nema tun ana ga maciji. In sun yi ta maka je-ka-ka-dawo, adana abin da ke hannunka: katin shaida, alat ɗin albashi, saƙonnin manaja a WhatsApp. Da su lauya zai kafa hujja.

Batun sallama kuwa, doka ta yanke wa'adin sanarwa. Wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 zuwa sama, wata 1, sai in takardarka ta ba ka fiye da haka. In an kore ka ba sanarwa ba laifi, kana bin kuɗin wa'adin, da ragowar albashi, da fanshon da aka yanka ba a zuba ba. Kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki don an ce "a rufa maka asiri". Nasu asirin suke rufewa. Sai dai kada ka sa rai za a mayar da kai bakin aiki. Da wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa haka.

Rauni ya fi wahala, domin shaida na ɓacewa da wuri. Inji ya cinye wa yaro yatsu yau, gobe an ɗaura wa injin murfin kariya, a ce dama yana nan. Don haka a ranar, kai ko abokin aikinka, ku ɗauki hoto, ku rubuta wa ke sa ido a lokacin, yana wurin ko ya fita, an koya maka injin ko tura ka kawai aka yi. Amsoshin nan su ne ke nuna sakacin kamfani. Karɓi rahoton likita.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ka kwana 14 ka sanar da kamfani, da shekara 1 ka nemi diyya a hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar ma'aikata. Tuntuɓi lauya kafin ka zaɓa tsakanin diyyar da ƙara.

Fara da wasiƙa ga kamfani, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In sun yi burus, sai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiharka. In sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi tun gyaran tsarin mulki na 2010, ba caji ofis ba, kuma tana da reshe a Kano da Kaduna.