Yadda ake zaɓen tayar boyo ta keken tsere a hanyoyin Garwa da Marwa

Kekunan tsere na gwanjo da ke shigowa daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, da yawansu suna zuwa da wilin da ba ya karɓar taya irin wadda muka saba. Dalili kuwa, manyan ƙungiyoyin tsere sun koma ga tayar da ba ta da tiyub, sai tsofaffin wilinsu na boyo suka yi araha har suka iso hannunmu. Boyo taya ce da aka ɗinke tiyub a cikinta, ta zama zagayayyiyar mesa guda, ana manna ta a jikin rim da gam. Tana da daɗin tafiya, rim ɗinta ba nauyi, kuma ko ta yi faci ba ta saurin ficewa, kana iya lallaɓawa har ka tsaya. Amma an ƙera mafi yawanta ne don kwaltar Faransa da Italiya. Mu a nan abin da zai yanke maka hukunci uku ne: ƙaya, zafi, da nisan wurin da za ka samo wata.

Mataki na farko: duba rim ɗinka

Cire tayar da ke kai ka leƙa. Idan rim ɗin yana da bango biyu masu ɗan ƙugiya a gefe, na taya mai tiyub ne, boyo ba ta zama a kansa. Idan kuwa samansa ɗan kwari ne mai santsi, babu bango, galibi da busasshen gam a kai, to na boyo ne. Girman da keken tsere na manya ke ɗauka shi ne wanda ake rubuta 700 ko inci 28 a jikin tayar. Wajen oda ka rubuta wa mai shago boyau yadda Faransawa ke rubutawa, don kada ya aiko maka da taya ta yau da kullum.

Mataki na biyu: tambayi kanka me za ka yi da ita

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Akwai boyo ta gasa, akwai ta atisaye, akwai kuma ta filin tsere na cikin ɗaki wadda ba ta da wata kariya ko kaɗan. Wannan ta ƙarshe, ko kyauta aka ba ka, kada ka hau titi da ita. Ta gasa, irin Vittoria Corsa ko Continental Competition, tana da laushi da gudu, nauyinta bai cika wuce giram 250 zuwa 300 ba, amma roba ce ƙalilan a samanta. Wanda ke fita da asuba kullum daga Garwa ya nufi Pitowa ya dawo, ta atisaye ce tasa, kamar Continental Sprinter Gatorskin, wadda aka ƙara wa kariya har gefe. Akwai masu araha kamar Vittoria Rally da Continental Giro. A ganina waɗannan sun fi dacewa da zama safaya, wato tayar ajiya, a ƙarƙashin sirdi, domin ba ko yaushe suke zama daidai a kan rim ba, wani lokaci ka ji ɗan tsalle a wajen bawul.

Mataki na uku: faɗi

A da 21 da 23 na milimita ake yayi. Yanzu 25 da 28 ne, kuma a kwaltarmu mai ramuka da yashi a gefe, mai faɗin ta fi. Tana ɗaukar iska da yawa, ba sai ka cika ta ta yi tauri ba, shi ya sa take shanye girgiza. Sai dai ka auna firam ɗinka tukuna: tsofaffin kekuna masu burkin rim da yawa ba sa wuce 25. Ka bar tazarar milimita 3 zuwa 4 tsakanin taya da ƙarfe, saboda taɓon damina.

Mataki na huɗu: jikin tayar da kariyarta

Za ka ga an rubuta TPI da lamba a kwalin. Adadin zaren da ke cikin kowane inci na ƙyallen tayar ke nan. Mai 320, kamar Corsa, zarenta siriri ne na auduga, tana lanƙwasa tana bin ƙasa. Mai ƙaramar lamba zarenta ya fi kauri, ta fi tauri a ƙarƙashinka. Masu talla lambar suke ɗagawa, amma ba ita ce damuwarmu ba. Abin da za ka nema shi ne shimfiɗar kariya da ake sakawa ƙarƙashin roba, ta Vectran ko ta Kevlar, wasu zaruruwa masu ƙarfin gaske. Duk wanda ya taɓa sauka gefen titi don ba wa tirela hanya tsakanin Figil da Marwa ya san abin da ke jiransa a can: tsidau, ƙayar aduwa, ƙayar bagaruwa, ga fasassun kwalabe a bakin gari. Ƙayar aduwa babu tayar da ke gagarar ta gaba ɗaya, amma tsidau da ƙananan tsakuwoyi shimfiɗar kariya tana tare mafi yawansu. Gefen auduga tsirara kuma, mai launin ƙasa-ƙasa da ke burge ido, rana da ƙura suna cinye shi da wuri. Baƙin gefe mai rufin roba ya fi daɗewa a wurinmu.

Mataki na biyar: tiyub ɗin da ke ciki, da bawul

Tunda ɗinke yake, ba ka da damar canza shi, don haka ka tambaya kafin ka biya. Na latas, wato robar da ake samu daga ruwan itacen roba, ya fi laushi amma yana sace iska, kowace safiya sai ka yi famfo. Na butil, baƙar robar da muka sani, yana riƙe iska kwanaki. Kamfanin Tufo na ƙasar Cek yana yin boyo marar tiyub daban, wadda ake gyara hudarta da ruwan toshe huda kawai. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbata cikin bawul ɗinta yana kwancewa, domin ta nan ake zuba ruwan toshewar, kuma ta nan ake ƙara masa tsawo idan rim ɗinka mai zurfi ne. Ruwan nan yana saurin bushewa a zafinmu, saboda haka ni na fi son a riƙe shi a aljihu, a zuba sai an samu huda.

Mataki na shida: gam

Zaɓen boyo bai cika ba sai da zaɓen abin manna ta. Sulushan na mai faci da gam ɗin takalma ba su ne ba. Ka sayi gam ɗin da aka yi don wannan aiki, irin Mastik One na Vittoria ko na Continental, kuma idan rim ɗinka na kabon ne ka duba ko gam ɗin ya dace da shi. Akwai tef mai gam gefe biyu, ya fi sauƙi da tsafta, amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, hankalina ya fi kwanciya da gam. Burkin rim yana ƙara wa wili zafi, gam kuma yana laushi idan ya ji wuta. Wanda zai gangaro daga tudun Ngaundare zuwa kwarin Binuwai a babbar hanya, kada ya danne burki ya riƙe tun daga sama. Ya riƙa kamawa yana saki. A gasar zagayen Faransa ta 2003, a gangaren shiga garin Gap, kwalta ta narke don zafi, wilin baya na Joseba Beloki ya zame, tayar ta fice daga rim, ya faɗi ya karye. Wannan ƙwararre ke nan mai bakanike na kansa.

Sabuwar boyo, ka fara ɗora ta a kan rim ba gam, ka hura, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu ta miƙe. Sai ka shafa gam siriri sau biyu ko uku a rim, kowanne ya bushe kafin na gaba, da shafi ɗaya a ƙyallen cikin tayar. Shafi na ƙarshe a rim, ka ɗora tayar yana da ɗanye, ka fara daga bawul, ka daidaita ta, ka hura, ka jira awa 24 kafin ka hau. Lokacin hunturu ka yi aikin a cikin ɗaki a rufe, don ƙura tana kashe gam.

Mataki na bakwai: duba ta a hannu, kuma ka sayi uku

Kayan da suka daɗe a sito suna da yawa. Lanƙwasa robar ka duba ko ta tsattsage, ja bakin ƙyallen ciki ka ga ko yana ɓallewa, ka hura ta ka bar ta kwana. Idan daga Yawunde ko Duwala za a sako maka, ko daga Njamena ta Kusiri, ka yi odar uku a tashi ɗaya: biyu a keke, ɗaya safaya da aka riga aka miƙar aka shafa wa gam, a naɗe a cikin tsohuwar safa. Idan ka canza a hanya, ka sha kwana a hankali har gida, domin ba ta kama sosai ba tukuna.

Wadda ta yi faci kuma kada ka jefar. Ana ɗaga ƙyallen ciki daidai wurin hudar, a warware ɗinki ɗan kaɗan, a zaro tiyub a yi masa faci, a mayar. Mai facin bakin titi ba lallai ya taɓa ganin irinta ba, amma ɗinkin ba zai gagari badukun Marwa ba. Ka dai ce masa ya bi tsofaffin ramukan allura da zare mai kakin zuma, kuma ya kiyaye kada bakin allurar ya taɓa tiyub ɗin.