Kafin ki yi wa sana'arki rajista a CAC

'Yan uwa masu haɗa turaren wuta, zoɓo ko ɗinki a gida, ga shawarata kan rajista a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista a Najeriya.

Idan ke kaɗai ce kuma jarin bai yi yawa ba, rajistar sunan kasuwanci ta ishe ki. Ta fi rajistar kamfani araha, kuma da takardarta za ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar, kuɗin ciniki ya daina cakuɗewa da na cefane. Sai dai a idon doka ke da sana'ar abu ɗaya ne: bashi in ya hau kanta, har kayan ɗakinki zai iya shafa.

Kamfani mai Ltd kuwa yana tsaye da ƙafarsa, bashinsa nasa ne. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta ba mutum ɗaya damar kafa shi, da hannun jari aƙalla naira 100,000. Amma hidimarsa ta fi yawa, musamman lissafi da haraji, don haka ki jira sai an fara maganar kwangila ko masu zuba jari.

In da ƙawa za ku haɗa jari, don Allah ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Mai abin sha ko man shafawa kuma sai ta nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daban.