Babi na 7: Gane dangin aya-aya a fadama da filin ciyawa

Darasi na 1: Murza kara

Wanda ya tsaya bakin fadama yana kallo daga sama zai ce duk ciyawa ce. Ba duka ba. A cikinta akwai wani dangi dabam, dangin aya-aya, wanda masana ke kira Cyperaceae, iri fiye da 5,000 a duniya. Kallo daga tsaye shi kaɗai ba ya raba su da ciyawa. Sai an sa hannu.

Ku tsuguna. Ku nemi kara, wato sandar nan ta tsakiya da ta miƙe ta ɗauko fure a kanta. Ku kama shi can ƙasa, tsakanin babban yatsa da manuniya, ku murza a hankali. Karan ciyawa zai mirgina sumul. Na aya-aya kuwa zai riƙa cijewa, domin kusurwa uku gare shi. Ku ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku.

Ba ku ji komai ba? Ba laifi, kowa da haka ya fara. Ku dubi abin da ke hannunku. Sau da yawa ganye ne. Ganye shimfiɗaɗɗe ne, ba zai gaya muku komai ba. Ku sake shi, ku bi shi da yatsa har gindi, ku kama kara. Ku sake murzawa, a hankali, ba kamar mai murza igiya ba.

A ajin da ya wuce, wani ya tsinko mini ganye har sau uku yana cewa, "Malam, wannan ba shi da kusurwa." Yaya za a yi ya samu? Na faɗa, na maimaita, amma wasu sun fi son su tsaya a tsaye kada laka ta taɓa musu riga. Wanda bai tsuguna ba bai yi darasin nan ba. Kara ake murzawa, can ƙasa.

Darasi na 2: Yanka

Ku yanka karan a gicciye da reza. Na aya-aya a cike yake, bakinsa kusurwa uku, kuma babu gaɓa a tsawonsa. Na ciyawa yana da gaɓoɓi, yawanci da rami a ciki. Ku lura da kajiji: ɗan dangin aya-aya ne, amma karansa a mulmule yake. Kafin ku yanka dai, ku murza tukuna.

Darasi na 3: Ganye

Ku leƙa tsiron daga sama. Ganyen aya-aya ta ɓangare uku yake fita, na ciyawa ta biyu.

Darasi na 4: 'Ya'ya

Raba iri da iri a cikin dangin sai 'ya'ya sun nuna. Ku koma wurin a lokacin.