Darasi na 7: Tsutsa Mai Ƙaho da Ƙwaron da Ke Haifar Ta

Wanda ya taɓa shuka dankali mai zaƙi ya san tsutsar nan mai kauri kamar yatsa, mai ƙaho a bayanta. Mutane da yawa suna tsoron ƙahon. Ba ya harbi, ba shi da dafi. Ɓarnar tana bakinta ne.

Uwar tsutsar wani babban faɗa-wuta ne, masana suna kiran sa Agrius convolvuli. Idan ya buɗe fukafukansa, faɗinsu kan kai santimita 8 zuwa 12. Fukafukan launin toka ne, shi ya sa da rana in ya lafe a jikin itace da ƙyar za ka gan shi. Cikinsa kuma yana da ratsi-ratsin baƙi da ruwan hoda. Ana samun sa a Afirka da Asiya da Ostireliya da kudancin Turai. Matafiyi ne ƙwarai: duk shekara wasu kan tashi daga Afirka su tsallake tekun Bahar Rum, har Ingila sukan kai, sai dai sanyin can ba ya barin zuriyarsu ta kai baɗi.

Da almuru yake fitowa. Ba ya sauka a kan fure. A iska yake tsayawa, yana kaɗa fukafukai, ya warware wani siririn baki da ya fi jikinsa tsawo, ya zuƙi zaƙin furen. Furanni masu zurfi yake so, irin na taba. Ta haka yake kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan.

Macen tana yin ƙwai ɗaya-ɗaya a jikin ganye, ƙanana kamar kan allura. Cikin 'yan kwanaki sai tsutsa ta fito. Aikinta ci ne kawai, na ganyen dankali da danginsa masu yaɗo, irin su yaryaɗi. Tana saɓa tana ƙara girma har mako 3 zuwa 4, tsawonta ya kai santimita 10. Wata kore ce, wata ruwan ƙasa, amma duk iri ɗaya ne. Daga nan sai ta tona ƙasa ta shige, ta zama wani abu mai ɓawo ja-ja, mai lanƙwasa a ka kamar hannun buta. A cikin ɓawon nan ƙwaron yake haɗuwa kafin ya fito.

To, yaya manomi zai yi? Ka duba ƙasan shuka. In ka ga baƙin kashi manya-manya, tsutsar tana kusa. Tsince ta da hannu ya isa in gonar ba ta da girma. Bayan an haƙe dankali, a juya ƙasa, masu ɓawon su fito fili, rana da tsuntsaye su gama da su.

Aiki: Ka karanta sakin layi na huɗu da ƙarfi, sannan ka rubuta sunan tsiro biyu da tsutsar ke ci.